Shiga Legas da babbar mota a karon farko: ina doka ta tsaya, ina tatsa ta fara?

Direban Albasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu riƙe sitiyari. Ni direban Daf ne mai buɗaɗɗen bodi, kuma tun da na karɓi mota daga hannun wanda ya koya mini aiki, zirga-zirgata ba ta wuce tsakanin Kano, Kaduna, Abuja da Lakwaja ba. Yanzu maigidana ya ƙulla yarjejeniya da wasu dillalan albasa a kan in riƙa kai musu kaya kasuwar Mile 12 ta Legas, ya kuma ja mini kunne cewa kada in dawo masa da mota babu kaya, in nemi lodin dawowa daga Apapa, unguwar tashar jiragen ruwa, domin lodi ɗaya ba zai fitar da kuɗin gas na zuwa da komowa ba.

Nisan hanya bai dame ni ba, cikin garin ne damuwata. Duk wanda na tambaya a tasha, amsarsa dabam. Wani ya ce babbar mota ba ta shiga Legas da rana sam, wani ya ce wannan tsohuwar magana ce, shi da azahar yake shiga. Wani abokin aikina kuma motarsa ta mutu a bakin wata gada, kafin bakanike ya iso wasu jami'ai masu kayan sarki sun kira janwe sun ja ta, kuma abin da maigidansa ya kashe kafin a sako ta ya haura ribar tafiyar baki ɗaya, ga tumatirin da ke ciki ya narke. Har yau shi kansa bai iya faɗa mini wane laifi aka rubuta masa ba.

Saboda haka ina roƙon a warware mini abu uku. Shin da gaske akwai dokar lokacin shiga, kuma ta shafi mai kayan gwari? Su wane ne ke da hurumin tsayar da ni, kuma me ya kamata in yi idan an tsayar da ni? Sannan maganar lodin Apapa, abu ne da baƙon direba zai iya shiga kai tsaye ko kuwa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Agege, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi dabara da ka tambaya tun kana Kano, domin mafi yawan abin da ke cin direba a Legas tun kafin ya iso Berger, mashigar Legas, ya riga ya faru.

Dokar lokaci gaskiya ce. Tun zamanin Gwamna Fashola, a dokar hanya ta 2012, aka hana tirela yawo a cikin birnin daga ƙarfe shida na safe zuwa tara na dare, aka keɓe tankokin mai da dogayen motocin fasinja. Wanda ya ce maka da azahar yake shiga shi ma bai yi ƙarya ba, saboda dokar takan yi barci wata da watanni, sai ranar da wata kwantena ta faɗo kan mutane a tashe ta, a fito da ƙarfi, kuma duk wanda aka samu a kan titi a wannan makon shi zai biya bashin kowa. Haka aka yi bayan hatsarin gadar Ojuelegba a 2015. Don haka ni shawarata ita ce ka ɗauka kullum dokar idonta biyu. Kada ka dogara da cewa kayan abinci ka ɗauko za a ɗaga maka ƙafa. Jami'in da ya tare ka girman motarka yake kallo, ba ya leƙa buhu.

Yadda muke yi shi ne, idan ka baro Badun ka hau babban titin Legas, sai ka lissafa tafiyarka yadda za ka yada zango a Ogere. Can ne matattarar manyan motoci, akwai mutanenmu, akwai abinci, akwai masu faci da bakanikai. Ka shiga da motarka ciki sosai, kada ka bar ta a kafaɗar titi don ka ga wasu sun yi, domin an sha zuwa a kwashe na bakin titin. Ka yi barci na gaske. Idan dare ya yi sai ka tashi, ka wuce mahaɗar Shagamu, Mowe, Ibafo, ka hau doguwar gada, ka wuce Kara, ka shiga Berger. Daga nan ka nutsu ƙwarai, saboda gangaren gadar Otedola yana gabanka, wurin da tankar mai ta kama da wuta a watan Yunin 2018 ta ƙone motoci fiye da hamsin, mutane suka mutu. Ka sa giya mai nauyi tun kafin gangaren ya ja ka, ka bar inji ya riƙe motar. Daga Ojota sai ka karkata ka hau titin Ikorodu, ka wuce Ketu, sai Mile 12. A wannan titin akwai layin da aka ware wa manyan bas na gwamnati, waɗanda ake kira BRT. Ko da ƙarfe biyun dare ne, ko babu kowa a kansa, kada tayarka ta taka shi. Ka kuma yi waya da dillalinka tun kana Ogere ya tabbatar maka akwai gurbin da za ka shiga a cikin kasuwa, domin tsayuwa a bakin ƙofar Mile 12 da lodi har gari ya waye ita ce hanya mafi sauƙi ta haɗuwa da janwe.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ya samu abokinka, don shi ne babban darasi. A hanyar Kaduna idan motarka ta mutu, ka sa waigi, ka karyo ganye ka jera a baya, ka zauna jiran bakanike, babu wanda ka tare wa numfashi. A Legas kuwa idan ta mutu a kan titin Ikorodu da safe, cikin ɗan lokaci ka tsayar da dubban mutane, kuma hukuma ba za ta jira bakanikenka ba. Za a ja ta, ka biya kuɗin ja, ka biya tara, sannan kowace kwana da ta yi a harabarsu akwai kuɗinta. Saboda haka gyaran da maigida yake cewa a bari sai an dawo, ka ce masa a yi shi kafin a tafi.

Abin da ya fi kashe mota a gosulon Legas iska ce da zafi. Kana tafiya taku ɗaya kana taka burki, taku ɗaya kana taka burki, inji yana ƙasa, kwamfuresa ba ta cika tanki da saurin da kake zubarwa. Idan akwai ɗan yoyo a tiyo wanda a buɗaɗɗiyar hanya ba ka damu da shi ba, a nan za ka ga allurar iska tana sauka a hankali har burki ya kama kansa, mota ta ƙi motsi a tsakiyar titi. Kafin ka bar Ogere, ka cika iska, ka kashe inji, ka sa yaron motarka ya taka burki ya riƙe, kai kuma ka zagaya ka kasa kunne a ƙarƙashin mota da wajen tiyoyin da suka haɗa kai da bodi. Duk inda ka ji tsaki, a gyara shi a nan. Ka ja zaren da ke ƙarƙashin tankin iska ka zubar da ruwan da ya taru, domin damshin Kudu ba irin namu ba ne, tanki yana tara ruwa da sauri. Ka duba ruwan lagireto da bel ɗin fanka. Sannan abin da na tsana a wurin yaran yanzu, wato toshe burkin baya don kada ya riƙa kamawa, a bar kan mota shi kaɗai da nauyin tan talatin, wallahi wannan ba dabara ba ce, ɗaukar rai ne.

Sai madubinka na dama. Ɗan acaba da ɗan danfo da mai Keke za su cusa kai ta gefen da ba ka gani, musamman idan ka buɗe hagu don ka sha kwanar dama, su a ganinsu hanya ka ba su. Ka sa yaron motarka ya zauna a farke, kansa a taga, duk lokacin da za ka karya kwana. Idan ka taɓa mutum a Legas, kafin jami'i ya zo taron jama'a ya riga shi, kuma kai baƙo ne da ba ka jin Yarabanci.

Maganar doka da takardu na bar wa masu ilimi. Amma ka tafi da na kashe gobara mai aiki, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da tef mai ƙyalli a jikin bodi, da safaya mai iska. Ka kuma karanta lambobi huɗun nan da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, domin jami'an kiyaye haɗurra suna lissafa shekara huɗu ne daga wannan rana, komai kyan zanen tayar.

Lauya Mai Bibiya ya amsa:

Baba ya gama magana a kan hanya, Allah ya ƙara girma. Zan ɗan taɓa tambaya ta biyu, domin ruɗanin da ke cikinta shi ne jarin masu tatsa.

Malam direba, hukumomin da za ka haɗu da su ba ɗaya ba ne, kuma kowace da dokar da ta kafa ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita za ka fi gani a babban titin Badun zuwa Legas. Ita ke duba lasin, da taya, da lodin da ya wuce ƙa'ida, da na'urar taƙaita gudu da aka fara tilasta wa motocin haya sakawa gadan-gadan a farkon 2017. A ƙa'idar hanya, gudun tirela da tanka ba ya wuce kilomita 60 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Idan motarka mai kai da bodi ce da ake rabawa, lasin da ya dace da kai shi ne rukunin G. Da yawan direbobinmu suna yawo da lasin ƙaramar mota, kuma ranar da hatsari ya faru, wannan kaɗai ya isa kamfanin inshora ya zame. A cikin gari kuwa akwai LASTMA, hukumar jiha da aka kafa a 2000 zamanin Gwamna Tinubu, aikinta kula da zirga-zirga, kamar KAROTA a Kano. Akwai jami'an duba lafiyar mota da muke kira VIO, akwai 'yan sanda, akwai kuma rundunar musamman ta jiha mai mazauni a Oshodi. Dokar da ta tattara mafi yawan laifuffukan hanya na jihar a yanzu ita ce ta gyaran fannin sufuri ta 2018.

Akwai wani hukunci da direbobi ke yawan kafa hujja da shi a tasha, gara in yi gargaɗi a kansa. A watan Oktoban 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO ba su da hurumin tsayar da mota, ko kama ta, ko cin tara. Amma ƙarar a kan hukumar birnin tarayya aka shigar, kuma gwamnatin Legas ta fito ta ce hukuncin bai shafe ta ba, tun da nata jami'an da dokar jiha suke aiki. Ko da wani lauya yana da ja a kan wannan fassara, bakin titi da lodin albasa ba wurin gwada ta ba ne.

Laifin da nake so ka fi jin tsoro shi ne bin hannun da ba naka ba. A Legas hukuncinsa yana iya kaiwa ga kotu ta ƙwace motar ɗungurungum ta zama ta gwamnati, kuma ba barazana ba ce kawai, domin a watan Satumban 2022 an yi gwanjon motoci fiye da 130 da aka ƙwace saboda laifuffukan hanya, masu su suna tsaye suna kallo. Baƙo yakan faɗa wannan ne ba da niyya ba: ya ga motocin gabansa sun karkata sun bi wani hannu don gudun cunkoso, sai ya bi su, ko kuma wani matashi ya tsaya yana yi masa nuni da hannu cewa ya biyo nan. Idan ba ka ga alama ko jami'i da idonka yana ba da wannan hannu ba, ka tsaya a layinka. Ka kuma sani cewa yanzu akwai kyamarori masu karanta lambar mota, sai dai saƙon tara ya iske mai motar a waya ba tare da kowa ya tsayar da kai ba.

Idan an tsayar da kai, ka gangara inda ba za ka tare hanya ba, ka gaisa, ka tambayi laifinka cikin ladabi, ka nemi a rubuta maka shi. Tarar gaskiya tana da takarda, tana da sunan laifi, kuma asusun gwamnati ake biya, ba hannun mutum ba, ba kuma asusun wani mai POS da ke gefen titi ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi na raba doka da tatsa. Idan ba ka yarda da laifin ba, kana da damar a kai ka kotun tafi-da-gidanka. Ka lura da suna da lambar da ke ƙirjin jami'in, yaronka ya ɗauki hoton inda motar take tsaye da alamomin da ke wurin, ka kira maigidanka da shugabannin ƙungiyarku nan take. Kada ka kama kokawa a kan makulli ko sitiyari, kada kuma ka yi yunƙurin tserewa da jami'i a gaban mota. Ƙaramin laifin tara sai ya koma na ɗaurin shekaru. Abokinka da bai san abin da aka rubuta masa ba, ina kyautata zaton ba a rubuta komai ba, an daidaita ne a baki.

Game da masu sanda da ƙusoshi da ke tare hanya suna sayar da sitika da sunan ƙaramar hukuma ko ƙungiya, dokar haraji ta tarayya ta 1998 ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Na san faɗin wannan ba zai ɗage sandar daga gaban tayarka da tsakar dare ba, kuma ba zan ce ka yi jayayya da su kai kaɗai ba. Amma duk abin da ka biya ka karɓi rasit ka adana, domin da irin waɗannan takardu ne ƙungiyoyi irin su NARTO ta masu motocin sufuri ke iya kai kuka inda za a ji.

Mai Jan Kwantena, Ijora, ya amsa:

Ɗan'uwa, ni zan amsa ta uku, kuma a taƙaice amsar ita ce kada ka nufi Apapa da ka, ka faɗa wa maigidanka haka.

Wataƙila shi yana tuna zamanin da ne, lokacin da direba zai sauke kaya ya gangara bakin tashar jiragen ruwa ya bi layi har Allah ya kawo lodi. Wannan tsarin shi ne ya haifar da abin da aka gani a shekarun baya, lokacin da layin tireloli da tankoki ya taso daga Apapa ya hau gadar Ijora, ya bi ta gaban babban filin wasa na Surulere, a ɗaya ɓangaren kuma ya toshe titin Oshodi zuwa Mile 2. Direba yakan yi makonni a kan gada, a nan zai yi wanka, a nan zai ci abinci, kuma kowane shinge sai ya ajiye wani abu kafin ya matsa gaba. Dalilan a bayyane suke: tashoshin Apapa da Tin Can suna cikin gari, ga rumbunan mai jibge a gefensu, jirgin ƙasa ya daina ɗaukar kaso mai yawa na kayan, kamfanonin jiragen ruwa ba su tanadi isassun wuraren karɓar kwantenar da aka sauke ba, sannan titunan sun mutu. Har kwamiti fadar shugaban ƙasa ta kafa a 2019 ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Osinbajo a kan wannan cunkoso.

A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa, lokacin Hadiza Bala Usman tana shugabanta, ta kawo tsarin kiran mota ta intanet mai suna Eto. Yanzu sai an yi wa mota rajista a manhajar, an duba lafiyarta an ba ta shaida, sai ta shiga ɗaya daga garejin da aka amince da su, daga nan a tura ta wurin jira na kusa da tasha irin Lilypond da ke nan Ijora, sannan a kira ta. Motar da ta doshi ƙofa babu tikiti, janwe ne zai ja ta. An kuma sake gina titin Wharf da na Apapa zuwa Oshodi da kankare. Gaskiya abin ya yi sauƙi idan aka kwatanta da da, ko da yake an sha kai ƙorafi a kan masu saye tikiti su ɓoye su sayar da tsada, da masu canza lambar mota, da shingayen da ba su ƙare ba. Wannan kuwa ba labari nake ji ba, a cikinsa nake kwana.

Ban da haka, motarka buɗaɗɗen bodi ce, ba ta kwantena ba. Kada wani ɗan kamasho ya rinjaye ka a ɗora maka kwantena a ɗaure da sarƙa ko igiya. Kwantena tana zama ne a kan shimfiɗaɗɗen bodi mai makullai huɗu a kusurwoyi, a murɗa su su kama ta, kuma rashin murɗa su ne ke sa ta zame idan mota ta karkata a kan gada. Abin da ya dace da kai kayan buhu ne ko katan: sukari, fulawa, gishiri, taliya. Akwai masana'antun wasu daga cikinsu a Apapa, amma suna da 'yan kwangilar sufurinsu, ta hannunsu ake shiga. Ni a ganina ma ba sai ka nitsa cikin gari ba. Ikeja, Ota, Agbara da Shagamu duk akwai masana'antu masu tura kaya Arewa, kuma daga Mile 12 kana iya fita ta Ikorodu ka ɓulla Shagamu ba ka ga Ojuelegba da idonka ba. Maigida ya nemi wakili tun kafin ka taso, a ba ka takardar lodi da sunan wurin, ka san inda za ka kwana da motar bayan ka sauke. Yawo da babbar mota babu kaya kana neman lodi a Legas, gas za ka ƙona, kuma kowace mahaɗa akwai mai jiran ka yi kuskure.

Maman Ɗalibai, Idi-Araba, ta amsa:

Ina neman afuwar iyaye da ke wannan zaure, ni ba direba ba ce, amma kullum ni da 'ya'yana muna bin ƙarƙashin gadar Ojuelegba. Na karanta duk amsoshin, kuma na ga ana ta maganar yadda za a kauce wa janwe da tara, sai na ji ya kamata a tuna dalilin da ya sa mutanen gari ke tafa wa jami'ai idan sun kama babbar mota. A watan Janairun 2023 kwantena ta faɗo a kan wata ƙaramar bas a wannan gada, mutum tara suka mutu, har da yara. Bayan nan ne aka hana manyan motoci hawa gadar da ta Dorman Long, aka sa shingen ƙarfe, kuma mu da ke unguwar mun sha wayar gari mu ga an banke shingen cikin dare. Wanda ya banke shi ba jami'i ba ne. Ina jin zafin abin da ake yi wa direbobinmu, domin idan aka tatse su a kan kuɗin albasar da nake saya ake fanshewa, amma a gaskiya da za a daina kama motocin gaba ɗaya, ni ba zan ƙara sa ɗana a danfo ba.

Tsohon Direba, Agege, ya sake amsawa:

Hajiya, maganarki dutse, babu direban kirki da zai musa. Sai dai ina so ki duba wanda ake kamawa. Direba ba shi ke sayen taya ba, ba shi ke yanke shawarar a ƙara buhu hamsin a kan lodi ba, ba shi ke cewa a ɗage gyaran burki ba. Idan ya ƙi tuƙawa, kafin la'asar an miƙa makullin ga wani yaron da bai kai shi sani ba. Amma a bakin titi shi ake tsayarwa, shi ke kwana a sel, mai motar yana gida. Kuma kamun da ake daidaitawa a baki bai taɓa gyara burki ko ɗaya ba, domin motar da aka karɓi kuɗi aka sake ta da ruɓaɓɓiyar taya, gobe ma za ta bi ta kan gadar taku. Inda aka taɓa masu kaya da masu mota kai tsaye, an ga canji. Bayan gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa a 2024 da ta mahaɗar Dikko a farkon 2025, hukuma ta hana lodin tanka mai lita 60,000 tun daga rumbun mai, kuma wannan umarni a wurin lodi ake aiwatar da shi, ba sai an bi direba da gudu a titi ba. Irin wannan nake so a yi wa kwantena: kada a buɗe mata ƙofar tasha sai an ga makullanta huɗu a murɗe.

Direban Albasa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, Barista, yayana na Ijora da Hajiya, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida amsoshin nan a waya. Ya amince a sauya tayoyin baya guda biyu da tiyon iska kafin lodi, ya kuma janye maganar Apapa, ya ce zai nemi wakili a Ota ko Shagamu. A kan yawan buhunan da za a ɗora ne har yanzu ba mu daidaita ba, domin dillalan da buhu suke biya. Barista, idan aka auna mota a hanya aka samu lodi ya wuce ƙa'ida, sunan wa ake rubutawa a takardar tara, nawa ko na mai motar? Ina so in san wannan kafin mu sake zama da shi ranar Asabar.